Yadda za a haɗa tsofaffin kwamfutocin gida su yi tarayya a rumbun ajiya ɗaya

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mazaunin Nima a birnin Accra. Mahaifinsa ya yi shekaru yana riƙe da shagon buga takardu, ya rasu ya bar masa kwamfutoci huɗu: wata 486, wato mai guntun ƙwaƙwalwa na 486, mai ɗauke da MS-DOS 6.22 da Windows for Workgroups 3.11, wata Pentium mai Windows 98, wata Macintosh LC, da kuma Commodore 64 wadda kawunsa ya zo da ita daga Jamus tun yana yaro. Yana so ya san ko zai yiwu a haɗa su duka su riƙa musayar fayil, su kuma samu wuri ɗaya na ajiya, domin faya-fayan fulofi sun fara mutuwa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa. Abin da kake nema zai yiwu, amma ba ta hanyar da mutane suka fi hasashe ba, wato a jona kwamfutocin huɗu da junansu kai tsaye a sa ran za su fahimci juna. Waɗannan na'urori ba harshe ɗaya suke ji ba. Windows 98 da Windows for Workgroups suna musayar fayil ne da tsohuwar ƙa'idar da ake kira SMB, Macintosh ta wancan zamani AppleTalk ta sani, MS-DOS shi kansa bai san akwai wata hanyar sadarwa a duniya ba sai an loda masa manhajar da za ta koya masa, ita kuwa Commodore 64 ba ta ma da kafar netwok, domin kafar siriyal ɗin da ke bayanta an yi ta ne don na'urar faifai da firinta. Shawarar da nake bai wa duk wanda ya zo mini da irin wannan aiki ita ce ya ƙara kwamfuta ta biyar, ta zamani, ya ajiye ta a tsakiya, ta riƙe rumbun ajiyar, ta kuma yi magana da kowace tsohuwa da harshen da ta sani. Matsayinta shi ne na maigida a zangon fatake a zamanin cinikin goro: baƙo daga Kano da mai kaya daga Asante ba sa jin maganar juna, amma kowa a gidansa yake sauke kaya, shi ne kuma yake shiga tsakani.

Sai dai kafin a kai ga kebul, akwai aikin da ya riga shi, kuma a nan ne aka fi yin asara. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Yawancin akwatunan wutar kwamfutocin 486 da Pentium suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, kusa da inda ake soka wayar wuta, wanda ake turawa tsakanin 115 da 230. Kwamfutar da aka shigo da ita daga Amurka kan zo da maɓallin a kan 115, kuma idan aka soka ta a bangonmu a haka, ƙara ɗaya za a ji da ƙaurin hayaƙi, shi ke nan. Ka duba shi da idonka ko da kana ganin mahaifinka ya yi aiki da na'urar shekara da shekaru, domin yara suna wasa da irin wannan maɓalli. Daga nan ka buɗe 486 ɗin ka nemi batirin agogo. A alluna da yawa na wancan lokaci batirin wani ɗan ganga ne da aka liƙa da dalma kusa da kafar kibod, kuma idan ya tsufa yakan zubar da ruwan da ke cin layukan tagulla. Alamarsa wani gari ne kore ko fari a ƙafafun batirin da kewayensa. Ka yanke batirin da filaya, ka goge wurin da auduga da ɗan binega domin ruwan batirin mai kaifin toka ne, sannan ka bi da ruwan isopropyl ka bar allon ya bushe sarai. Macintosh LC ma tana da nata batirin na lithium mai bolt 3.6, wanda idan ya fashe ɓarnarsa ta fi ta wancan muni, ga kuma ƙananan kafasitocin allonta da suka yi ƙaurin suna wajen yoyo. Danshin iskar teku da muke fama da shi a Accra yana ƙara wa duk wannan tsatsa sauri.

Aiki na biyu shi ne kwafe abin da ke cikin had-disk ɗin kowace kwamfuta tun kafin ka fara saka sabbin manhajoji a kansa. Faifan da ya haura shekara 25 zai iya tashi yau ya ƙi tashi gobe, kuma duk lokacin da ka ɓata kana gwaje-gwajen netwok a kansa daga ragowar kwanansa kake ci. Ka ciro faifan Pentium ɗin, ka jona shi da kwamfutar zamani ta adaftar da ke haɗa IDE da USB, ka ɗauki cikakken kwafinsa, wanda ake kira hoton faifai, da manhajar GNU ddrescue, wadda take tsallake wuraren da suka lalace ta dawo musu daga baya maimakon ta tsaya cik. Faifan 486 ɗin yana iya ƙin amsa wa adaftar, saboda wasu tsofaffin faya-fayan ba su san tsarin LBA na ƙidayar sassan faifai da adaftocin USB suke dogara da shi ba. Idan haka ta faru kada ka matsa masa, ka mayar da shi mazauninsa, za a fitar da fayilolin ta netwok ko ta kebul ɗin siriyal kamar yadda zan bayyana.

Game da kwamfutar tsakiya, mutane da yawa ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi suke zaɓa, kuma tana aikin. Ni dai a garin nan na fi son tsohuwar laftof mai kafar Ethernet da batirin da bai mutu ba, wadda ba ta wuyar samu a wajen masu kayan hannu na yankin Circle a nan Accra. Dalilina wuta ne. Duk wanda ya ga shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya san yadda ake ɗauke wuta ba sallama, kuma katin SD ɗin da Raspberry Pi take tashi da shi yana saurin rikicewa idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu. Laftof kuwa ta zo da batirinta da allonta da kibod ɗinta, ga kuma kafofin sadarwa biyu, wanda shi ne ainihin abin da muke buƙata. Ka saka mata Debian ko wani Linux mai kama da shi. Akwai wani shiri na kyauta mai suna RetroNAS da yake tattara mafi yawan manhajojin da zan ambata ya girka su a kan Debian, kuma zai rage maka wahala, amma yana da kyau ka fahimci abin da kowace take yi, domin ranar da abu ya tsaya kai ne za ka gyara.

Tsarin haɗin kansa mai sauƙi ne. Laftof ɗin za ta shiga intanet ta Wi-Fi, kafarta ta Ethernet kuma za ta tafi wani ƙaramin suwic na daban, wato akwatin da ake jona kebul ɗin kwamfutoci da yawa, wanda babu abin da ke kansa sai tsofaffin kwamfutocin. Kada ka jona wannan suwic da rautar gida, kada kuma ka buɗe wa laftof ɗin damar wuce da saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ka ba kowace na'ura lambar IP tsayayya, misali laftof ta zama 192.168.50.1, Pentium ta zama 192.168.50.2, haka har ƙarshe, ka rubuta lambobin a takarda ka manna a jikin kowace. Tsohon suwic mai gudun 10 da 100 ya fi dacewa da sabo fil, domin wasu katunan da za ka yi aiki da su megabit 10 suke gudu, kuma wasu sabbin suwic masu tsananin sauri sun daina sauko wa wannan gudu.

Pentium ɗin ce mafi sauƙi. Idan ba ta da katin netwok, duk wani katin PCI mai guntun Realtek RTL8139 zai yi, direbansa na Windows 98 kuma ba ya wuyar samu. A kan laftof za ka girka Samba, manhajar da take sa Linux ya raba folda da harshen Windows. A nan ne mutane suke kwana suna neman laifin kebul alhali ba nan gizo ke saƙar ba: tun daga fitowa ta 4.11 a 2019, Samba ta daina amsa tsohuwar ƙa'idar SMB1 sai an umarce ta. Dole ka buɗe fayil ɗin saitinta, smb.conf, ka sauke layin server min protocol zuwa NT1 idan Windows 98 kaɗai za ka haɗa, ko zuwa LANMAN1 idan har da Windows for Workgroups, ka kuma kunna lanman auth tare da ntlm auth. Bayan ka kunna shi sai ka sake saka kalmar sirrin mai amfani da umarnin smbpasswd, domin sai a lokacin ne Samba za ta adana ta a tsohuwar sigar da waɗannan na'urori suke aikowa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta Windows 98 da take ruɗa mutane: ba ta tambayarka sunan da za ka shiga rumbun da shi, sunan da ka shiga Windows da shi lokacin tashi shi take turawa. Wanda ya saba danna Cancel a akwatin farko ba zai taɓa ganin foldar ba. Ka sa sunan shiga Windows ya zama daidai da wanda ka buɗe a Samba.

Nacewar da na yi a kan raba suwic ɗin da rautar gida tana da dalili. SMB1 ce ƙofar da bairos ɗin WannaCry ya bi a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila, kuma daga baya a wannan shekarar Microsoft ta fara fitar da Windows 10 ba tare da ita a kunne ba. Tsohon tsarin kalmar sirri na LAN Manager ma rauninsa a fili yake, domin yana mayar da haruffa duka manya, ya raba kalmar gida biyu mai harafi bakwai-bakwai, abin da kwamfutar yau take warwarewa cikin ɗan lokaci. Saboda haka kada ka kunna SMB1 a kwamfutarka ta aiki don kawai ta ga Windows 98, kamar yadda wasu masu gyara suke yi, kada kuma ka yi amfani da kalmar sirrin da kake amfani da ita a wani wuri. A cikin smb.conf ka sa layin interfaces ya ambaci kafar Ethernet kaɗai, tare da bind interfaces only, ta yadda ko maƙwabcin da ya samu shiga Wi-Fi ɗinka ba zai ga rumbun ba. Idan kana son ɗauko fayil daga wayarka ko sabuwar kwamfutarka, ka bi ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa mai tsaro, zuwa laftof ɗin.

Yanzu ga 486, wadda na tabbata mafi yawan aikin mahaifinka a cikinta yake. Kana buƙatar katin netwok na ISA, wato mai shiga doguwar baƙar kafar nan ta allon. Biyu ne suka fi yawa a duniya, kuma su ne kowace manhaja ta sani: 3Com 3C509 da ake kira EtherLink III, da kuma duk wani kati mai bin tsarin NE2000 na Novell. Tun da aka tashi kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie a watan Yulin 2021 irin waɗannan kaya sun warwatsu, amma masu sayen tsofaffin ƙarafa suna ci gaba da cin karo da su, kuma idan ka nuna wa ɗayansu hoton katin a wayarka ka yi masa alkawarin abin da ya fi kuɗin awonsa, zai ajiye maka. Ka duba bayan katin ka tabbata yana da kafar RJ45 irin ta kebul ɗin yau. Wasu suna da kafar BNC kaɗai, mai zagaye, wadda take aiki da kebul ɗin coax da ake rufe bakinsa biyu da abin toshi mai ohm 50, kuma ban ga dalilin da zai sa ka ɗora wa kanka wannan ciwon kai ba. Abin da ya rage shi ne lambar IRQ, wato layin da kati yake jan hankalin kwamfuta da shi. Katunan NE2000 da yawa suna zuwa a kan IRQ 3, wadda ita ce ta kafar siriyal ta biyu, IRQ 5 kuma sau da yawa katin sauti ya riga ya kama ta. Ka mayar da katin kan IRQ 10 da adireshin 300, ko ta ƴan fulogin da ke jikinsa ko ta manhajar saitinsa, wadda a 3Com sunanta 3C5X9CFG. Alamar rikicin IRQ ita ce direba ya loda lafiya, ya nuna lambar katin, amma ko saƙo ɗaya ya ƙi dawowa.

Da zarar katin ya zauna, hanyoyi uku ne a gabanka, kuma ba daraja ɗaya suke da ita a wurina ba. Ta farko ita ce ta Microsoft: a cikin Windows for Workgroups ka ƙara TCP/IP-32, ƙarin da kamfanin ya fitar a 1994, domin abin da Windows ɗin ta zo da shi NetBEUI ne da IPX, Samba kuwa ba ta jin NetBEUI. Wannan yana aiki da kyau muddin kana cikin Windows. A DOS tsantsa kuwa, manhajar Microsoft Network Client tana cinye kaso mai yawa na kilobait 640 ɗin da DOS yake da su na aiki, har ta kai ka ga rumbun amma manhajar rubutu ta WordPerfect ko wani wasa ya ce ba shi da wurin tashi. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a nan.

Hanya ta biyu ita ce mTCP, tarin ƙananan manhajoji na kyauta da Michael Brutman ya rubuta, waɗanda suke aiki har a kan IBM PC ta 1981. Za ka loda ɗan direban katin da ake kira packet driver, yawanci a kan lamba 0x60, ka rubuta fayil ɗin saiti mai ɗauke da lambar IP, ka nuna wa DOS inda yake da MTCPCFG, shi ke nan. Amfaninsa shi ne babu abin da yake zama a ƙwaƙwalwar kwamfutar sai ɗan direban, kowace manhaja tana tashi ta yi aikinta ta fita. A cikinsu akwai FTPSRV, wadda take mayar da 486 ɗin kanta uwar garken FTP, wato ƙa'idar tura fayil ta netwok, ta yadda daga laftof za ka shiga ka janye duk abin da ke faifan C a zama ɗaya. Wannan ita ce hanyar da zan bi wajen ceto takardun mahaifinka idan adaftar USB ta ƙi faifan.

Hanya ta uku, wadda ita ce ta fi kusa da abin da ka kwatanta na rumbu ɗaya, ita ce EtherDFS ta Mateusz Viste. A kan laftof kana kunna ɓangarenta mai suna ethersrv ka nuna masa folda, a kan 486 kuma kana loda wata ƴar manhaja mai cin kilobait kaɗan, sai foldar ta bayyana a DOS da harafin faifai, a ce F, kuma duk wata tsohuwar manhaja za ta buɗe fayil a can ta adana kamar faifan cikinta ne. Ba ta amfani da TCP/IP ko kaɗan, saƙon Ethernet tsirara take turawa, don haka dole na'urorin biyu su kasance a kan suwic ɗaya ta kebul. Ba ta kuma tambayar kalmar sirri, wanda wani dalili ne na killace netwok ɗin. Ni da kaina mTCP nake amfani da ita wajen kwashe kaya masu yawa, EtherDFS kuma wajen aikin yau da kullum.

Idan katin ISA ya gagara samuwa, kebul ɗin siriyal da ake kira null modem yana nan. Kawuna biyu na DB9 mata da ɗan kebul da dalma, waɗanda za ka nema wajen masu kayan lantarki na Zongo Lane, sun isa: ƙafa ta 2 a wannan kai ta tafi ta 3 a wancan, ta 3 ta tafi ta 2, ta 5 ta haɗu da ta 5, ta 7 da ta 8 su ma a gicciye. Tsakanin 486 da Pentium, MS-DOS 6 ya zo da INTERLNK da INTERSVR da suke sa ɗaya ta ga faifan ɗaya. Tsakanin 486 da laftof kuwa sai adaftar USB zuwa siriyal da manhajar Kermit ko ƙa'idar ZMODEM. Ka dai san abin da za ka tarar na jira. A gudun bit 9600 a daƙiƙa, abin da fulofi ɗaya mai megabait 1.44 yake ɗauka zai ci kusan minti 25, a gudun 115200 kuma kamar minti biyu, shi ma sai idan kafar tana da guntun 16550, domin tsofaffin guntaye suna zubar da haruffa a wannan gudu. Ga takardun rubutu wannan ya wadatar, amma ga faifai sukutum wankin hula ne zai kai ka dare.

Bayan ka kwashe komai, ina ba ka shawara ka hutar da tsohon faifan 486 ɗin ka maye gurbinsa da katin CompactFlash a kan adaftar IDE. Ka sayi ƙarami, domin BIOS, wato manhajar allo da ke tada kwamfuta, na 486 da yawa ba ya ganin abin da ya wuce megabait 504, MS-DOS 6.22 kuma ba ya riƙe ɓangaren faifai da ya wuce gigabait 2. Tunda babban rumbun yana kan laftof, wannan iyaka ba za ta dame ka ba.

Macintosh LC ba ta zo da Ethernet ba. Abin da take da shi LocalTalk ne, ta kafar firinta, mai gudun kilobit 230.4. Ko dai ka samo katin Ethernet mai shiga kafar PDS da ke cikinta, ko ƴar na'urar da ke gada tsakanin LocalTalk da Ethernet irin AsanteTalk, kuma duka biyun sai dai a yi odarsu daga waje ko a roƙi mai zuwa ya riƙo. A ɓangaren laftof Netatalk ce take wannan aiki, amma ka kula da fitowar da ka girka, domin jerin 3 ya cire AppleTalk gaba ɗaya, sai a fitowa ta 4 a 2024 aka dawo da ita. Idan komai ya daidaita, rumbun zai bayyana a Chooser, tagar da Mac take zaɓen firinta da rumbu, ƙarƙashin AppleShare. Abin da ya kamata ka riƙe game da Mac shi ne fayilolinta kashi biyu ne, akwai na bayanai akwai kuma wanda ake kira resource fork, kuma idan manhajar Mac ta ratsa ta Windows ko FTP a tsirara, kashi na biyun yana faɗuwa ta zama gawa. Netatalk tana kiyaye shi, amma duk abin da zai bi wata hanya sai a naɗe shi tukuna da StuffIt ko MacBinary ko BinHex. Faya-fayan Mac masu kilobait 800 kuma na'urar fulofi ta PC ba ta iya karanta su, don haka a cikin LC ɗin kanta za ka buɗe su ka tura rumbu.

Ita Commodore 64 zan gaya maka gaskiya, ban ga ribar saka ta a netwok ba. Akwai ƴan modem na Wi-Fi da ake soka mata a kafar user port, kuma suna da daɗin wasa, amma ba rumbu suke ba ka ba. Faifan na'urarta ta fulofi mai suna 1541 kilobait 170 yake ɗauka, ma'ana duk abin da kawunka ya taɓa mallaka zai shige ƙaramin katin SD ya bar fili. Ka nemi SD2IEC, wadda take shiga kafar na'urar faifai ta karanta hotunan faifai na D64 daga kati, ko Pi1541 idan kana da wasannin da suke ƙin SD2IEC saboda suna dogara da ƙwaƙwalwar da ke cikin 1541 ta asali. Ka riƙe ainihin hotunan a wata folda a laftof, ka riƙa kwafa zuwa katin da hannu. Da yake daga Jamus ta zo, tsarin hotonta PAL ne kuma wutarta ta dace da tamu, amma kada ka yarda da baƙin akwatin wutarta na asali sai ka auna layinsa na bolt 5 da mita, domin idan ya tsufa yakan haura ya ƙone guntayen RAM ba tare da wata alama ba.

Akwai ƙananan abubuwa da za su ci maka lokaci idan ba ka san da su ba. DOS harafi takwas yake karɓa a sunan fayil da uku a wutsiya, don haka a foldar da kowa zai gani ka riƙe gajerun sunaye marasa tazara, in ba haka ba za ka tarar da sunaye guntaye masu alamar ~ da ba za ka gane su ba. A FTP ka riƙa ba da umarnin bin kafin ka tura komai, domin yanayin ascii yana sauya alamomin ƙarshen layi, abin da yake lalata manhaja da hoto da fayil ɗin ZIP ba tare da ya faɗa maka ba. Tunda ka cire batirin agogo kuma, kwamfutar za ta riƙa tashi da kwanan watan da ba daidai ba, sau da yawa 1980, ta kuma buga shi a kan duk fayil ɗin da ka adana. Ko ka saka mata sabon batiri a waje da allon ta doguwar waya, ko ka sa manhajar SNTP ta mTCP a AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS yake bi lokacin tashi, ta riƙa karɓar lokaci daga laftof a kowane tashi, bayan ka kunna wa laftof ɗin hidimar ba da lokaci.

Shagon buga takardu wuri ne da fulofin kowa yake shiga, saboda haka ka ɗauka cewa akwai bairos a cikin kayan har sai ka tabbatar babu. Tsofaffin irin su Stoned da Form a sashen tashi na faifai suke zama, su kama kwamfutar da aka kunna da fulofi a cikinta, CIH na 1998 kuma yana iya goge BIOS na wasu allunan zamanin Windows 98. Ka buɗe ɗan ramin kariya mai hana rubutu na kowane fulofi kafin ka saka shi, ka sa BIOS ya fara tashi daga C idan yana ba da wannan zaɓi, ka kuma bi duk abin da ya shigo rumbu da manhajar binciken bairos ta ClamAV a kan laftof. Fulofin da ka ga farin tabo ko fumfuna a jikin baƙin faifansa kada ka saka shi a na'ura kafin a goge shi, domin zai ɓata kan na'urar, ita kuma ta karce na gaba.

Rumbu ɗaya yana nufin wuri ɗaya da komai zai iya salwanta a cikinsa, don haka ka sa manhajar rsync ta riƙa kwafe shi zuwa wani faifan USB da za ka riƙa cirewa, ka kuma ajiye kwafi na biyu a wani gida, ko a wajen ƴan'uwa a Madina ko Kumasi, saboda ruwan sama da gobara ba sa tambayar abin da ke cikin ɗaki. Takardun mahaifinka na WordPerfect, LibreOffice tana buɗe mafi yawansu, sai ka fitar da kwafin PDF na kowace amma ka bar na asalin yadda yake. Za ka tarar a cikinsu akwai wasiƙun mutanen unguwa da yarjejeniyoyin haya da takardun fili da na rabon gado, waɗanda masu su ko ƴaƴansu suna nan da rai. Waɗannan kada su zauna a foldar da EtherDFS take rabawa, tunda ba ta da kalmar sirri. Ka buɗe musu folda ta daban a laftof wadda sunanka kaɗai yake shiga, ka bar wa tsofaffin kwamfutocin foldar manhajoji da wasanni da ta musayar aikin yau da kullum.